Tagar kyamarar awo: yadda ake matsar da ita daga nesa, da inda lissafi ke kufcewa

A masana'antar da ake cika kwalaben lemo, ko inda ake yanka ƙananan ƙarafuna na injin mota, sau da yawa za ka ga wata 'yar kyamara a kafe a saman layin da kaya ke wucewa. Aikinta awo ne. Tana duba ko ruwan kwalba ya kai wuya, ko ramin da aka huda a ƙarfe ya fita daidai faɗin da ake so. Da zarar an ɗaure ta an daidaita ta, ba a yarda kowa ya sake taɓa ta ba, domin gocewar da ba ta kai kaurin gashi ba ta isa ta ɓata awon yini guda. Sai dai kaya na canzawa. Yau doguwar kwalba ce, gobe gajera. Injiniyan da ke kula da ita kuma yana can wani ɗaki, wani lokaci ma wani gari. To yaya ake sa kyamarar da aka hana motsi ta dubi wani wuri daban?

Ana barin jikinta inda yake, a matsar da taga a cikinta. A bayan madubin kowace kyamara, wato gilashin gaba da haske ke shiga ta cikinsa, akwai ɗan faranti mai karɓar haske, wanda masu sana'ar ke kira sensa. Ka ɗauke shi kamar gona da aka yi wa kunyoyi, kowace kunya jere ce ta ƙananan ɗigo, su ne fiksel. Wata sensa ta kamfanin Sony da ta yaɗu a kyamarorin masana'antu, IMX250, tana da kunya 2048, kowace kunya na ɗauke da ɗigo 2448, jimilla sun ɗara miliyan biyar kaɗan. Ba dole ba ne a girbe gonar duka. Ana iya ce wa kyamara ta yanko fegi ɗaya kawai ta aiko, ta bar sauran. Wannan fegin shi ne taga, kuma lamba huɗu ke bayyana shi: faɗinsa, tsawonsa, nisan da za a tsallake daga gefen hagu, da nisan da za a tsallake daga sama. Sunayen da kyamarorin masana'antu suka sani su ne Width, Height, OffsetX da OffsetY. Ƙidaya tana farawa daga kusurwar sama ta hagu, daga sifiri, kuma lamba na ƙaruwa ne idan ana gangarowa ƙasa, saɓanin yadda aka koya mana zana jadawali a makaranta.

Abin da ya sa ake wahalar yanka taga shi ne sauri. Cikakken hoton waccan sensa, idan baƙi da fari ne kuma kowane ɗigo bayit ɗaya, ya kai megabayit biyar. Wayar sadarwa mai gudun gigabit ɗaya kuwa iyakarta a takarda megabayit 125 ce a daƙiƙa, a aikace ba ta cika kaiwa nan ba. Ka raba ka gani: hoto ashirin da uku ko da huɗu a daƙiƙa, shi ke nan. Idan wuyan kwalba kaɗai ake bukata, aka yanko kunya 200, hoton ya koma ƙasa da rabin megabayit, wayar na iya ɗaukar fiye da ɗari biyu a daƙiƙa. Akwai wata dabara a nan da sabon shiga kan rasa. Yawancin sensa irin ta CMOS, wato nau'in da IMX250 take ciki, kunya-kunya ake karanta su, kamar yadda mai noma ke bin kunya ya kai ƙarshe kafin ya juyo ta gaba. Saboda haka rage yawan kunyoyi ne ke ƙara wa sensar kanta sauri. Rage faɗi yana sauƙaƙa wa waya kaya, amma sau da yawa ba ya rage lokacin karatun. Shi ya sa gogaggen ma'aikaci tun wajen ɗaure kyamara yake juya ta yadda doguwar sirriyar abin da zai auna za ta kwanta tare da kunyoyi.

Harshen da ake ba na'urorin awo umarni da shi ya daɗe. Kamfanin Hewlett-Packard na Amurka ne ya ƙirƙiro wata hanyar haɗa na'urorin gwaji da kwamfuta, wadda a 1975 ta zama ƙa'idar IEEE 488, aka fi saninta da GPIB. Wannan ta daidaita waya da soket, amma kowane kamfani ya ci gaba da yaren kansa. A 1987 aka fitar da IEEE 488.2, a 1990 kuma wata ƙa'ida mai suna SCPI ta zo ta shimfiɗa nahawu guda: umarni rubutu ne da mutum zai iya karantawa, kalmomi a jere da alamar ɗigo biyu (:) a tsakaninsu, daga babban reshe zuwa ƙarami. Idan ka sa lamba a ƙarshe, umarni ka bayar. Idan ka sa alamar tambaya, tambaya ka yi. Rubuta *IDN? kowace na'ura mai bin ƙa'idar za ta faɗa maka wanda ya ƙera ta, samfurinta da lambarta. Na'urar awo mai kyamara a ciki da ke jin SCPI za ta sami nata sunan umarnin taga a littafin da kamfaninta ya buga, amma nahawun bai canza ba, kuma wannan alamar tambayar ita ce mafi daraja a cikinsa duka. Zan dawo kanta.

Su kuwa kyamarorin masana'antu wata hanya suka bi. A 2006 ƙungiyar AIA ta Amurka ta fitar da GigE Vision, ƙa'idar tura hoto da umarni ta wayar Ethernet, ita kuma ƙungiyar EMVA ta Turai ta fitar da GenICam. Tsarin yana da kyau ƙwarai. Kowace kyamara tana ɗauke da wani fayil a cikinta mai bayanin duk abin da za a iya saitawa, da inda yake a ƙwaƙwalwarta, da mafi ƙanƙanta da mafi girman lambar da zai karɓa. Kwamfuta na haɗuwa da ita sai ta karɓi fayil ɗin ta karanta. Wani sashe na ƙa'idar mai suna SFNC ya tsayar da sunaye, shi ya sa OffsetX ɗin kyamarar Jamus da na ta Japan abu ɗaya suke nufi. Umarnin kansa ɗan ƙaramin saƙo ne da ke tafiya ta ƙofar sadarwa mai lamba 3956, kyamara ta mayar da amsar cewa ta ji.

Idan mutum ya tsaya nan zai ɗauka ai lamba huɗu ce kawai, a tura a wuce. Ni kuwa a nan nake ganin aikin ya fara, domin zuwa da kai ya fi saƙo, kuma duk wannan sana'a saƙo ce.

Abu na farko da ke tare mutum shi ne jerin umarnin. Taga ba ta iya leƙawa wajen gona, wato OffsetX idan aka haɗa da Width ba za su wuce 2448 ba. A ce kyamara na kan cikakken hoto, ka aika mata OffsetX 1000. Za ta ƙi, don babu ko ɗigo ɗaya na sarari da za ta matsa. Sai ka fara rage Width zuwa 400, sannan matsawar ta yiwu. In kuma daga ƙaramar taga za ka koma babba, abin ya juya, matsawar za ka fara ragewa. Manhajar da aka rubuta da jeri ɗaya tak za ta yi aiki yau ta ƙi gobe, gwargwadon inda aka bar tagar jiya. Maganin mai sauƙi ne: kullum a mayar da OffsetX da OffsetY sifiri, a saita faɗi da tsawo, sannan a matsar. Haka kuma yawancin kyamarori na kulle Width da Height muddin suna cikin turo hotuna, saboda girman hoto ya canza ke nan girman mazubin da kwamfuta ta tanada ya canza. Dole a tsayar, a saita, a sake tayarwa. Wannan matsalar ba ta dame ni sosai ba, domin tana da ƙara. Kyamara ta ƙi, kuskure ya bayyana a allo, an gyara.

Wadda ke hana ni barci ita ce marar ƙara. Sensa ba ta karɓar kowace lamba. Saboda yadda aka gina hanyoyin karatu a cikinta, faɗi da matsawa suna tafiya ne taki-taki, wata biyu-biyu, wata huɗu-huɗu, wata takwas ko sha shida. A kyamara mai launi ma akwai ƙarin dalili. Tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya samu hakkin mallakarsa a 1976 ya jera matatun launi a kan ɗigo cikin murabba'i na biyu sau biyu: ja ɗaya, kore biyu, shuɗi ɗaya. Matsar da taga da lamba mara, sai kunya ta fara da kore a inda manhaja ke jiran ja, launuka su hargitse. To a ce takin kyamararka huɗu ne, kai kuma lissafinka ya ba ka 1003. Wata manhajar za ta ƙi karɓa ta jefo maka kuskure. Wata kuma, don ta sauƙaƙa maka, za ta mayar da ita 1000 ba tare da ta ce uffan ba. Na'urori masu jin SCPI da yawa haka suke da lambar da ta faɗo tsakanin taki biyu, su zaɓi mafi kusa su yi shiru. Ra'ayina a fili yake: da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na fi son na'urar da za ta ƙi ni a kan wadda za ta gyara mini lamba a ɓoye.

Dubi abin da ɗigo uku ke jawowa. A ce an daidaita madubi yadda kowane ɗigo ke wakiltar 0.05 na milimita a kan kaya. Manhaja ta gano bakin ƙarfe a ɗigo na 150 cikin taga. Don ta san matsayinsa a cikakkiyar gona sai ta haɗa da matsawar da take zaton an yi, 150 da 1003, ta samu 1153. Gaskiyar kuwa 1150 ce. Bambancin 0.15 na milimita ke nan a kan kowane kaya, kullum ta gefe ɗaya. Abin da ke sa a daɗe ba a gane ba shi ne ba kowane awo yake taɓawa ba. Idan faɗin rami ake aunawa, bakinsa biyu duk suna cikin taga ɗaya, kuskuren ya hau kan kowanne daidai, wajen ɗebewa ya ɓace. Ma'aikaci zai sa ma'aunin gwaji ya ga faɗi ya fito cif, ya kwantar da hankalinsa. Amma idan matsayi ake nema, misali inda za a gaya wa hannun inji ya sauko ya ɗauka, ko tsayin ruwa daga wata alama da aka tsayar a cikakken hoto, kuskuren na nan daram. Na taɓa ɓata kwana biyu ina zargin madubi, ina zargin fitila, har na sa aka sake ɗaure kyamara, alhali lambar da na aika da wadda ke zaune a cikinta ne suka bambanta. Layi ɗaya na tambaya ya warware abin.

Shi ya sa nake cewa alamar tambaya ta fi umarni muhimmanci. Matambayi ba ya ɓata. Duk lambar da ka rubuta wa na'ura, ka karanto ta nan take, kuma wadda ka karanto ita za ka yi lissafi da ita, wadda ka aika ka manta da ita. A GenICam ma ba sai ka yi canki ba, kowace lamba tana zuwa da ƙaraminta, babbanta da takinta, kana iya tambaya kafin ka rubuta. A SCPI akwai layin kurakurai da na'ura ke tarawa tana jiran a tambaye ta. Ba ta yi maka ihu. Sai ka aika SYST:ERR? sannan ta fito da su ɗaya bayan ɗaya: 222 mai alamar ɗebewa na nufin lamba ta fita iyaka, 221 na nufin saiti biyu sun ci karo, sifiri na nufin layin babu komai. Wanda bai tambaya ba zai ci gaba da awo da tsohuwar taga yana zaton sabuwa ce.

Akwai kuma maganar lokaci. Amsar "na ji" daban, "na gama" daban. SCPI ta tanadi *OPC? wanda ba ya mayar da 1 sai ayyukan da ke gaba sun kammala. A ɓangaren kyamara abin ya fi haka laushi. Da yawa suna yarda a canza OffsetX da OffsetY ana cikin ɗauka, tunda girman hoto bai canza ba, kuma da haka ake bin abu mai motsi da ƙaramar taga. Amma a lokacin da umarninka ya isa, akwai hoton da ake kan karantawa, akwai biyu ko uku da suka riga suka shiga layi a kwamfuta. Wanne ne na farko da sabuwar taga? Ƙidaya da agogo ba ta ba da tabbas. Abin da ke bayarwa shi ne tambarin da ke jikin hoton kansa. A GigE Vision saƙon da ke jagorantar kowane hoto na ɗauke da girmansa da matsawarsa, kuma kyamarori da yawa na iya liƙa irin wannan bayani a wutsiyar hoto idan an kunna, da sunaye irin su ChunkOffsetX. Kamar buhun da aka rubuta wa sunan gonar da ya fito ne, ko ya kwana a hanya ba za a ruɗe ba.

Wurin da kuskuren taga ya fi yin ɓarna mai zurfi shi ne daidaiton madubi. Babu madubin da ba ya lanƙwasa hoto ko kaɗan, kuma lanƙwasar na ƙaruwa ne daga tsakiya zuwa gefe. Don a gyara ana nuna wa kyamara allo mai zanen baƙi da fari kamar na dara ta fuskoki daban-daban, hanyar da Zhang Zhengyou ya wallafa a 2000 kuma manhajar OpenCV ta yaɗa. Cikin abin da ake samu akwai cibiyar madubi, wato ɗigon da ke daidai tsakiyarsa, a ce 1224 daga hagu da 1024 daga sama. Wannan lissafi a cikakken hoto aka yi shi. Da ka yanki taga mai matsawa 1000 da 900, cibiyar a cikin sabon hoton ta koma 224 da 124. Ɗebewa ce ta 'yan firamare, amma idan aka manta, manhaja za ta ɗauka tagarka a kusurwar sama ta hagu take, inda lanƙwasa ta fi tsanani, ta shiga miƙe abin da dama a miƙe yake. Sakamakon zai fi muni a kan a ce ba a yi gyaran ba sam. Haka idan aka kunna haɗa ɗigo biyu-biyu don ƙarin haske, ma'aunin kansa ya canza, 500 a sabon ƙidaya ita ce 1000 a tsohon. Juya hoto hagu zuwa dama ma haka, kyamarori sun bambanta kan ko taga na bin hoton ko tana zama inda take a jikin sensa, sai an gwada da ido.

Wanda yake ganin wannan ƙaramar magana ce ta masana'anta, ya dubi Kepler, na'urar hangen taurari da hukumar NASA ta harba a watan Maris na 2009. A lokacin aikinta tana da sensa 42, ɗigo kusan miliyan 95, tana kallon yanki ɗaya na sama don ta kama ɗan dusashewar hasken tauraro lokacin da wata duniya ta gifta gabansa. Ma'ajiyarta da hanyar turo bayanai ba za su iya ɗaukar duka ba, don haka aka zaɓi taurari kusan 150,000, kowanne aka yanka masa 'yar tagarsa, ana ajiye kusan kashi shida cikin ɗari na ɗigon kaɗai. Duk bayan wata uku kumbon na juyawa digiri 90 don farantan hasken rana su ci gaba da fuskantar rana, taurari su faɗa kan wasu sensa daban, sai an turo sabon jadawalin tagogi daga ƙasa. Dusashewar da duniya mai girman tamu ke jawowa a gaban tauraro irin rana kusan kashi 84 ne cikin miliyan. Idan taga ta yi ƙunci, ko ta goce, hasken da ya zube waje zai yi kama da dusashewa. Bayan da ta biyu cikin ƙafafun juyin da ke tsayar da shi yana fuskantar wuri ɗaya ta lalace a watan Mayun 2013, kumbon ya rasa tsayuwarsa ta da, yana ɗan zamewa ana dawo da shi kusan duk awa shida. A aikin da ya biyo baya, K2, dole aka faɗaɗa tagogin, aka rage yawan taurarin da ake bi. Ciniki ɗaya ne da na mai kwalba: taga ƙarama ta ba ka sauri da wuri, babba ta ba ka sararin kuskure.

Saura abu ɗaya da ya shafe mu kai tsaye, mu da wuta ke ɗauke wa ba sallama. Lambobin taga a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke zaune. Wuta ta ɗauke, janareto ya tashi, kyamara ta farfaɗo da saitin da aka ce ta riƙa tashi da shi, wanda in ba a canza ba shi ne na masana'anta, cikakken hoto, matsawa sifiri. Kwamfutar kuwa wataƙila tana kan batir, ba ta san an yi komai ba, tana nan riƙe da lambobin safe. GenICam ta ba da hanyar adana saiti a cikin kyamara da UserSetSave, a kuma zaɓi wanda za ta tashi da shi, kuma ya kamata a yi hakan. Duk da haka ban dogara da shi kaɗai ba, don wani na iya zuwa da tasa kwamfutar ya sake adana wani abu. Duk lokacin da sadarwa ta yanke ta dawo, manhajata na fara tambayar lambar jikin kyamara don ta tabbata ita ce, ta tsayar da ɗauka, ta mayar da matsawa sifiri, ta rubuta lambobi huɗun, ta karanto su, ta sake lissafa cibiyar madubi da abin da ta karanto, ta zubar da hotunan da suka rage a layi. Sannan ta rubuta faɗi, tsawo da matsawa biyun a gefen kowane awo da za ta ajiye, a layi ɗaya da kwanan wata da lambar kaya.